Ragon Ban Haƙuri

A garinmu, wanda ke gindin duwatsu a kan hanyar birnin Osh, rahoton satar rago ba ya hana kowa shan shayi a caji ofis. Akan karɓe shi da ladabi, a sa masa lamba, a ajiye shi ya huta tare da 'yan'uwansa. Saboda haka da Joldosh direban tasi ya shigo da la'asar ɗin wata Juma'a ta kaka, farar hularsa a hannu, yana cewa an kwance masa rago a tsakar gida, babu wanda ya ɗaga kai sai Sufeto Kubat. Shi ma don butar shayinsa ta ƙare ne.

Sufeto Kubat ɗan makiyaya ne. Ya san tumaki tun kafin ya san haruffa, kuma har ya kusa ajiye aiki bai gamsu cewa mutane sun fi su wuyar ganewa ba.

"Wane irin rago?"

"Baƙi wuluk, Kubat baike," in ji shi, yana kiransa yaya da harshenmu, "mai ƙatuwar jela ta kitse. Har fenti rawaya na shafa masa a gadon baya, ragowar na motata, don kada a yi mini musu."

"Yaushe aka ɗauke shi?"

"Ina masallacin Juma'a. Matata tana kasuwa, 'yata ta je asibiti. Ɓarawon ko sallah ba ya yi!"

"Ɓarayi da yawa suna yi. A ina ka samo ragon?"

Joldosh ya juya hular da ke hannunsa. "Saya na yi. Shekaranjiya, a kasuwar dabbobi."

"Wadda ke ci ranar Lahadi."

"Ita fa."

"Shekaranjiya Laraba ce, Joldosh."

Direban ya ce ranaku sukan rikice masa saboda yawan tuƙi. Abin da ya dame shi, in ji shi, jibi yana da baƙi, dattawa ne, kuma ragon nan za a yanka musu, ba wani ba. Sufeto ya ɗauki hularsa. Mutumin da ya san ranar da zai yanka rago amma ya manta ranar da ya saye shi ya cancanci a raka shi gida.

An yi ruwa a makon, tsakar gidan duk laka. Sufeto ya tsuguna a gindin bishiyar tuffa inda aka ɗaure dabbar. Ba a yanke igiyar ba. An kwance ta, an naɗe ta, an rataye a jikin ƙusa.

"Ɓarawonka yana da tarbiyya," in ji shi.

Sawu biyu ne suka nufi ƙofa: na rago, da na takalmin ofis mai santsin ƙasa. Babu alamar jan ƙafa, babu inda dabbar ta turje. Kafaɗa da kafaɗa suka fita, kamar abokai biyu da za su ɗaurin aure.

"Kai yana binka?"

"Ni? Tunkuyina yake yi. Jiya ya kusa karya mini gwiwa."

Sufeto ya miƙe yana kakkaɓe wando. Rago ba ya bin baƙo. Wannan kuwa ya bi wanda ya zo ɗaukarsa ba tare da igiya ba.

A gidan da ke kallon na Joldosh akwai wata tsohuwa, Zuura apa, wato inna Zuura, wadda tagarta ba ta rufuwa rani da sanyi. Ta ce yau kam ba ta ga komai ba, domin barci ya sace ta a kan darduma, abin da ya ba ta haushi ƙwarai. Amma ranar Laraba idonta biyu.

"Wai saya ya yi? Joldosh? Wanda ko kaza ba ya saya sai an yi masa rasuwa?" Ta ƙyalƙyale da dariya. "Kawo masa aka yi, ɗana. Dattawa uku da fararen huluna, da ƙunshin gurasa, da kwalin shayi, da alewa, ga rago a gaba da farin ƙyalle a wuya. Ka san ma'anar wannan, ko a makarantar 'yan sanda an hana ku sani?"

"Ban haƙuri suka zo."

"To! Wanda ya aiko su yana can bakin layi cikin mota, ya ƙi fitowa. Amma wa zai ɓoye mini wuyan Turdubek? Kocin kokawa. Shi ne fa nake ta tunani, me babban mutum irin Turdubek zai yi wa Joldosh har ya aiko da rago? Ko kuwa 'yar ce? Ai a wurinsa take kokawa. Kai da ka zo da hular hukuma, faɗa mini, me ya faru da Sezim?"

Sufeto ya yi mata godiya ya fito. Kafin ya tsallake titi ya ji ta tana kiran maƙwabciyarta ta kan katanga. A lokacin bai ɗauki abin da muhimmanci ba.

Ya tarar da Sezim ta dawo. Budurwa ce mai shekara goma sha tara, mai faɗin kafaɗa, fuskarta kuwa ta kumbura irin kumburin da ba na ƙoshi ba. Ta roƙi mahaifinta ya ba su wuri. Joldosh ya fita yana gunaguni cewa a gidansa ake korarsa.

"Asibiti kika je, ƙanwata?"

"Ƙoda ce."

"Me ya same ta?"

Ta dubi igiyar da ke rataye. "In na faɗa maka, wa kuma zai ji?"

"Ni kaɗai, gwargwadon iyawata."

"Haka wancan ma ya ce. Shi bai ma ce gwargwadon iyawarsa ba."

Duk da haka ta faɗa. Idan gasa ta matso, Koci Turdubek yakan tura 'yan mata ɗakin sirace don su rage nauyi, ya kulle ƙofa daga waje, ya hana su ruwa. Wadda ta buga ƙofa, dukan igiyar tsalle ne rabonta. Ita ta suma a ciki fiye da sau ɗaya. Da ta ga ya fara tura ƙananan da ba su kai sha huɗu ba, sai ta kai kuka.

Makarantar kokawar tana da tsari don irin wannan, kuma tsari ne mai kyau a ji. Akwai jami'in sauraren koken 'yan wasa, wanda ba ma'aikacin makaranta ba ne, ba ya ƙarƙashin kowa a cikinta, ya kuma rantse cewa ba shi da dangin jini ko suruki a tsakanin masu horarwa. Shi kaɗai zai ji sunan mai koke. Ba zai sanar da wanda ake ƙara ba sai masu bincike sun iso daga Bishkek, babban birnin ƙasa. Mutumin da garinmu ya zaɓa wa wannan amana shi ne Lauya Ermek, wanda ba a taɓa jin ya ci ko ƙwayar alewa ta haram ba.

"Shi kaɗai na faɗa wa," in ji Sezim. "Ko mahaifiyata ba ta sani ba. Mako bai zagayo ba sai ga dattawa da rago. Babana ya karɓa, ya gutsuri gurasarsu, ya ce magana ta mutu. Jibi za su dawo a yanka, a ci, a shafa addu'a, ni kuma in je in ce ƙarya na yi."

"Za ki je?"

"In na janye, ƙananan nan za su ci gaba da shiga ɗakin. In ban janye ba, na kunyata babana a gaban dattawa. Kuma koci ya riga ya cire sunana daga masu zuwa gasar ƙasa. Wai ina jinya."

"Ke kika kwance ragon?"

"Da ni ce, da a ƙofar kocin za ka same shi. Ni so nake ya zauna a nan. Jiya ma na je wurin Ermek baike na ce masa, ga shaida a ɗaure a gidanmu. Mutanen Bishkek za su zo mako mai zuwa, zan nuna musu shi, su tambayi yadda aka yi rago ya san sunana kafin hukuma ta sanar da koci."

"Me ya ce?"

"Ya ce abin ya ɗaure masa kai. Sai ya tambaye ni kamannin ragon."

"Kika ce?"

"Baƙi, kunnen hagu a tsage biyu kamar jelar tsattsewa, na dama da ɗan gutsure a ƙasa."

Sufeto ya dube ta. A birni ta tashi, amma kokawa ta koya mata duban abokin karo daga kunne zuwa ƙafa.

Washegari da hantsi ya je ofishin Lauya Ermek, wani ɗaki a saman kantin magani, nesa da makarantar kokawa, domin kada a ga wanda ya shiga. A ƙasa wata mota mai ruwan toka tana tsaye, ƙofofinta a buɗe, an fitar da kujerar baya an jingine ta tana shan rana.

Ermek mutum ne siriri mai tabarau, ɗan shekara arba'in da 'yan kai. Ya tarbi sufeto da hannu biyu.

"Kubat baike, ka san ba zan iya gaya maka ko akwai koke ko babu ba. Rantsuwa ce."

"Ban zo neman koke ba. Rago nake nema."

"To ai ka yi ɓatan hanya."

"Watakila. Ina kake lokacin sallar Juma'a?"

"A nan. Aiki ya riƙe ni."

"Ka san Turdubek?"

"Wa bai san shi ba? Gaisuwa ce tsakaninmu, in an haɗu a taro."

"Babu dangantaka?"

"Babu jini, babu surukuta. Na rantse a kan haka a gaban kwamiti."

"Motarka ce a ƙasa? Ana ruwa kullum, kai kana wankin kujera."

"Yara ne suka zubar da madara."

"Yara kenan," in ji sufeto. Da ya sauko ya sunkuya cikin motar kamar mai gyara igiyar takalmi. Sabulu ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Amma hancin da ya girma a garke ba ya rikita madara da rago.

Warin mota ba hujja ba ne, kowa a garinmu ya taɓa ɗaukar tunkiya a kujerar baya. Sufeto ya wuce gidan koci.

Turdubek yana zaune a bayan gari, cikin gida mai faɗi da garken tumaki a baya. Ƙato ne, kunnuwansa a murɗe irin na tsofaffin 'yan kokawa, kuma murya ɗaya gare shi, ta filin horo.

"Dattawa? Rago? Ban aiki kowa ba! Wane laifi na yi da zan ba direban tasi haƙuri?"

"An ga motarka a bakin layin."

"Titin na uban wani ne? Sufeto, ni na fitar da yaran da suka ɗaga tutar ƙasar nan. Da gumi ake yin zakara, ba da rarrashi ba. Yanzu yarinya ta ji ɗumi kaɗan sai ta ruga ta kai ƙara."

"Wa ya ce an kai ƙara?"

Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Sai kocin ya miƙe a fusace.

"Rago kake nema ko? Zo ka ƙirga nawa! Zo ka duba kunnuwansu!"

Ya ja shi garke, ya dinga kama tumaki ɗaya bayan ɗaya yana ɗaga kunne. Dukansu huji ne a kunnen dama, babu mai tsagar jelar tsattsewa. Kocin ya yi tsaye yana huci, ya ga ya yi kaye. Bai san cewa abin da ya nuna ya fi abin da ya ɓoye amfani ba: ragon ban haƙurinsa ba daga garkensa ya fito ba. Wani ne ya ba shi.

A wurinmu ba a barin baƙo ya tafi bai taɓa gurasa ba, ko da ya zo kama maigida ne. Matar kocin, Burul eje, wato yaya Burul, ta shimfiɗa ledar abinci ta zuba shayi. Mace ce mai fara'a, wadda ba a gaya wa komai a gidan, saboda haka ba ta san abin da ba a faɗa ba.

"Ci zumar nan, ƙanena, ta dutse ce. Ɗanmu ne ya kawo daga ƙauyensu."

"Na zaci 'ya'yanku duk mata ne, eje."

"Na ciki, e. Wannan ɗan aure ne. Mu aka naɗa musu uba da uwa ranar da ya ɗauko amaryarsa. Ka san wani ɗan auren sai ranar biki kake ganinsa. Amma Ermek? Ko atishawa babansa na gidan nan ya yi sai ya zo. Daren Lahadi ma a nan ya ci abinci, ya zauna shiru kamar an yi masa mutuwa, har na ce..."

"Burul!" in ji kocin. "Shayin ya huce."

Shayin bai huce ba. Sufeto ya shanye shi a hankali, ya shafa addu'a, ya yi godiya.

Rantsuwar da Ermek ya yi gaskiya ce kalma bayan kalma. Ta tambayi jini, ta tambayi surukuta. Waɗanda suka tsara ta a wata ƙasa suka tsara ta, inda ba a naɗa wa ango uba na biyu. Mutanen kwamitin da suka karɓi rantsuwar kuwa, wasunsu sun ci nama a wancan bikin, amma tun da tambayar ba ta cikin tsari, ba su ga dalilin ɓata wa kowa rai ba.

Da azahar sufeto ya koma saman kantin magani, ya ce wa lauyan ya zo ya raka shi shan iska. Suka hau motar 'yan sanda da saje ɗaya, suka nufi ƙauyen su Ermek a kan dutse. Har suka isa babu wanda ya tambayi inda za a.

Tumakin mahaifinsa sun sauko daga makiyayar rani, suna kiwo a bayan gida. Kowace da tsagar jelar tsattsewa a kunnen hagu, da gutsure a na dama. Baƙaƙen raguna sun fi goma. Wurin ɓoye rago babu kamar garke, wannan dabarar ta lauya ba ta da laifi.

Sufeto ya jingina da shinge ya kunna taba.

Ba a jima ba wani baƙin rago ya ɗaga kai, ya yi kuka, ya ratso garken a guje. Bai tsaya ko'ina ba sai gaban Ermek, ya tura baki cikin aljihun kwat ɗinsa. A gadon bayansa akwai wani fili da aka aske da almakashi, askin wanda bai iya ba, a lokacin da babu mai hankalin da ke yi wa tunkiya aski. A gefen filin, 'yan silin gashi rawaya sun tsira.

"Gishiri yake nema," in ji Ermek, muryarsa ƙasa ƙasa. "Uwarsa ta mutu yana ɗan kwana biyu. Ni na shayar da shi da kwalba."

"Shi ya sa ka ba da shi?"

"Ba a kai wa uba na biyu abin da ba a so."

Ya cire tabarau ya zauna a kan dutse, ragon yana goga masa kai a gwiwa.

"Da yarinyar ta gama magana na san gaskiya take faɗa. Na san hannunsa, baike. Na yi niyyar aika wa Bishkek cewa ni ba zan iya riƙe wannan koke ba, a ba wani. Amma sai sun tambayi dalili, sai a ce tun farko me ya sa na yi shiru. Na ce bari in jira gobe. Ranar Lahadi Burul apa ta kira ni cin abinci. Ya yanko nama da hannunsa ya miƙo mini, ya ce, ɗana, ka rame, me ke damunka? Yaya zan ci gurasar mutum alhali ina ɗauke da abin da zai rushe shi?"

"Da ka ce kana azumi."

"Ban ambaci sunanta ba da farko. Na ce akwai koke, ka sassauta wa yaran nan. Ya ce wace ce? Na yi shiru. Ya fara jero sunaye. Da ya zo kan nata, na sunkuyar da kai." Ya goge ido da bayan hannu. "Na ce masa kada ya taɓa ta, ya bi hanyar iyaye, ya ba da haƙuri. Wallahi na ɗauka alheri nake yi mata. Na ce in Bishkek suka zo za a yi ta jan ta da tambayoyi, sunanta ya ɓaci, ta rasa mijin aure. Gara a kashe wutar a cikin gida."

"Ka tambaye ta ko tana son a kashe?"

"Ban tambaye ta ba."

"Ƙananan da ake kullewa fa? Su wa zai kai wa rago?"

Ermek ya shafa kan ragon.

"Sai ta zo ta siffanta maka kunnen."

"Duk wanda ya fito daga kwarin nan ya san tsagar gidanmu. A cikin masu zuwa daga Bishkek akwai ɗan kwarin. Na ga aikina, da sunana, da lasisina, duk a ɗaure a gindin tuffar Joldosh. Na jira aka shiga masallaci. Na kira shi da sunansa, ya biyo ni."

"Ka kuma naɗe igiya."

"Ba tawa ba ce," in ji lauyan.

Sufeto ya taka guntun tabarsa. Ya gaya masa cewa yana kama shi da laifin shiga gidan mutum da satar dabba, da ɓoye shaida. Na tona asirin yarinya kuwa, sai masu zuwa sun zo sun duba wane sashe ne ya dace, in akwai. Dokarmu ta daɗe da sanin darajar rago.

Saje ya ciro ankwa. Sufeto ya girgiza masa kai, domin mahaifin Ermek yana tsaye a bakin ƙofa da sanda, yana kallon ɗansa lauya ana buɗe masa mota. Ragon bai buƙaci a tura shi ba. Da ya ga uban gidansa ya shiga, shi ma ya haye.

Ƙa'ida ta ce sai mai kaya ya shaida kayansa, saboda haka suka biya ta gidan Joldosh. Tun daga bakin layi sufeto ya ga abin da zuwansa na jiya ya haifar. Mata a kan katanga, maza a gindin turken lantarki, Zuura apa a tagarta kamar shugabar taro. Babu wanda ke kallon ragon. Ƙofar gidan Joldosh suke kallo.

Direban ya fito a guje. "Shi ne! Wallahi shi ne! Kai, wane mugu ne ya aske mini fenti?" Sai ya hangi wanda ke kujerar baya, murnarsa ta koma ciki.

Sezim ta fito bayansa. Surutun layin ya ɗauke. Ta zo har jikin motar, ta tsaya a tagar da Ermek yake.

"Ermek baike, ka tuna abin da ka ce mini da na shiga ofishinka? Ka tashi da kanka ka rufe ƙofa. Ka ce, ƙanwata, abin da kika faɗa a ɗakin nan, a ɗakin nan zai kwana."

"Ki yafe mini, Sezim."

"Kai ma rago za ka aiko?"

Ya sunkuyar da kai, kamar yadda ya saba yi idan an zo kan sunanta.

Ta juya wurin sufeto. "Shekaranjiya raɗa ake yi a layin nan. Tun da ka tsaya a tagar Zuura apa, da murya ake faɗa. Yau iyayen ƙananan biyu sun zo, ba don su gode ba. Sun ce na ja wa 'ya'yansu, za a rufe makaranta."

"Laifina ne, ƙanwata. Rago na biyo, ban duba abin da nake takawa ba."

"Ba komai. Aikinka ka yi. Kowa aikinsa ya yi."

"Mutanen Bishkek za su zo. Har yanzu za ki yi magana?"

"Zan yi. Yanzu me ya rage da zan ɓoye?" Ta dubi mahaifinta. "Baba, gobe in dattawan sun zo, ka ba su shayi. Ni ba zan fito ba."

Joldosh ya dubi layin da ya cika, ya dubi fuskar 'yarsa da ta kumbura, kamar yau ya fara ganinta.

Sufeto ya bayyana masa cewa dabbar za ta kwana a caji ofis a matsayin shaida, amma bayan shari'a za a dawo masa da ita, domin a idon doka tasa ce.

"Za a dawo da shi gidan nan?" in ji Sezim.

"Haka doka ta ce."

"Abu biyu aka sace mana, baike. Kun gano wanda ba na so."

Ta shiga gida ta rufe ƙofa. Sufeto Kubat ya ɗan tsaya, hannunsa a kan murfin motar, yana neman abin da zai ce wa ƙofar. Magana zarar bunu ce, kuma a cikin duk kayan aikin da hukuma ta ba shi babu na mayar da ita.

Ya shiga ya ce wa saje ya ja. Motar ta ratsa tsakanin mutane a hankali, lauya a gefe ɗaya na kujerar baya, rago a ɗaya gefen, ya ɗora haɓa a kan cinyarsa.